FASHIN BAƘI: Ƙusoshi biyu a hancin AR-15 da dambarwar dokar bindiga a Amurka

Duk wanda ya taɓa ganin hoton sojan Amurka a Biyetnam, Iraƙi ko Afghanistan, ya ga wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku a tsaye kusa da bakin bindigarsa. Wannan ƙarfe shi ne mazaunin saitin gaba na bindigar M16 da ƙanwarta M4, kuma shi ne dai a jikin AR-15 ta asali, wato samfurin da ake sayar wa farar hula. Ƙusoshi biyu ne kacal ke riƙe da shi a kan bututun bindigar, kowacce ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba.

Ga maƙeran bindiga a Amurka, cire waɗannan ƙusoshi da mayar da su aiki ne da ya yi suna wajen gwada haƙurin mutum. Ga 'yan majalisa kuwa, wani ɗan tudu da ke ƙarƙashin wannan ƙarfe ya taɓa zama iyaka tsakanin bindigar da doka ta halatta da wadda ta haramta, har tsawon shekara goma. Wanda ya fahimci yadda wannan yanki yake aiki, zai fahimci dalilin da ya sa ƙasar da ta fi kowace yawan bindigogi a hannun jama'a ta kasa cimma matsaya a kan tambaya mai kamar sauƙi: wace bindiga ce makamin yaƙi?

Daga ArmaLite zuwa kantin unguwa

Wani injiniya mai suna Eugene Stoner ne ya tsara uwar wannan bindiga a kamfanin ArmaLite cikin shekarun 1950. Haruffan AR na nufin sunan kamfanin ne. A 1959 ArmaLite ya sayar wa kamfanin Colt haƙƙin ƙera ta, rundunar sojan Amurka ta karɓe ta cikin shekarun 1960 da sunan M16, shi kuwa Colt ya soma sayar wa farar hula nasu samfurin a daidai wannan zamani.

Bambancin samfuran biyu yana cikin hanjin bindigar. Ta soja tana iya ɓarin wuta idan aka danne kunama. Ta farar hula kuwa harsashi ɗaya take fitarwa a kowane ja, sai dai ita ma da kanta take tofar da kwanson da ya ƙone, ta ɗana sabo. A waje, idan an ajiye su kusa da juna, sai gwani ne zai bambanta su.

Bayan da wa'adin mallakar fasahar ya ƙare a 1977, ƙofa ta buɗe wa sauran kamfanoni, har ta kai yau akwai masu ƙera irinta da yawan gaske. Wata ƙuri'ar jin ra'ayi da jaridar Washington Post da kamfanin Ipsos suka wallafa a 2023 ta ƙiyasta cewa baligi ɗaya cikin kowane 20 a Amurka yana da AR-15, wato mutum kusan miliyan 16.

A idon dokar tarayya, yanki ɗaya ne tak a jikinta ake kira bindiga: akwatin ƙasa mai ɗauke da kunama, wanda aka buga wa lamba. Shi ne dillali mai lasisi ba zai miƙa wa mutum ba sai an binciki tarihinsa. Bututu, ƙota, mazaunin saiti da sauran sassa kayan gyara ne kawai a wajen dokar tarayya, ana iya yin odarsu ta intanet a kawo wa mutum har gida. Wannan ne ya sa kwance AR-15 da sake haɗa ta ya zama abin sha'awar miliyoyin mutane, kamar yadda wasu ke yi da babur.

Ƙarfe ɗaya, aiki huɗu

Aikin farko na mazaunin saitin gaba shi ne wanda sunansa ya nuna. A ƙwanƙolinsa akwai ɗan tsinken ƙarfe da maharbi ke daidaitawa da ƙofar saitin baya da kuma abin da yake son harbi. Kunnuwa biyu na ƙarfe suna tsare da tsinken don kada ya lanƙwashe idan bindiga ta faɗi.

Aiki na biyu ba ya ganuwa, amma ya fi na farko muhimmanci. A saman bututun bindigar, daidai inda mazaunin ya zauna, akwai ƙaramar huda. Idan aka yi harbi, harsashi ya wuce wannan huda, wani ɓangare na hayaƙin albarushi mai tsananin zafi da ƙarfi sai ya haura ta nan, ya ratsa cikin mazaunin, ya bi wani siririn bututu ya koma baya, ya tura ƙarfen da ke fitar da kwanso da ɗana sabon harsashi. Ke nan bindigar da numfashinta take ɗana kanta, kuma maƙogwaron wannan numfashi shi ne mazaunin saiti. A bindigar AK-47, wadda aka fi sani a Afirka, an raba waɗannan ayyuka biyu: mashigar hayaƙi daban, saitin gaba daban. A M16 ta asali an haɗe su wuri ɗaya.

Aiki na uku shi ne riƙe zoben da ake ɗaura maɗaurin rataya bindiga. Na huɗu kuwa shi ne ɗan tudun da ke ƙasa, inda ake maƙala banati, wato wuƙar da soja ke sa wa a bakin bindiga. Wannan tudu shi ne ya shiga siyasa.

Abin da ya sa ƙusoshin suke da taurin kai

Yankin da ke shan zafi da girgiza a kowane harbi, kuma dole ya tsaya cak ba tare da ya karkace ko da kaurin gashi ba, yana buƙatar ɗauri na musamman. Noti na iya kwancewa da girgiza. Walda kuwa na iya lalata bututu, ta kuma hana gyara. Sai aka zaɓi ƙusa mai sirancewa: kanta ɗaya ya ɗara ɗayan kauri, tana sirancewa da rubu'in inci a kowace ƙafa ɗaya ta tsawo. Da yake ƙusar gajeriya ce, bambancin kawunan biyu bai kai rabin milimita ba, ido ba ya cika gane shi.

A masana'anta, ana zura mazaunin a kan bututu, a daidaita shi ya tsaya tsaye, sannan a huda su tare. Hudar tana ratsa mazaunin daga gefe zuwa gefe, tana kuma gutsurar ɗan ƙasan bututun. Daga nan a gyare ramin ya ɗauki siffar ƙusar, a buga ta da ƙarfi. Tun daga wannan lokaci, wannan mazauni da wannan bututu sun zama ma'aurata. Ramukan da aka huda a wata bindiga ba lalle su dace da na wata ba, ko da kamfani ɗaya ne ya ƙera su.

Ƙusa mai wannan siffa hanya ɗaya take shiga, hanya ɗaya take fita. Wanda ya buga ta daga kai mai kauri, ƙara cusa ta yake yi. Kuma ba dukkan kamfanoni ne ke sa ta daga gefe ɗaya ba, wasu ma miƙaƙƙiyar ƙusa suke amfani da ita. Shi ya sa masu sana'ar ke fara auna kawunan biyu kafin su ɗaga guduma.

Cirewa da mayarwa

Tsarin aikin sananne ne ga maƙeran bindiga. Da farko a tabbatar babu harsashi a ciki, a raba saman bindigar da ƙasanta, a cire rufin da hannu ke riƙewa, a kwance ƙarfen da ke ɗaure a bakin bututu, domin ta nan mazaunin zai fita. Siririn bututun hayaƙi yana da tasa 'yar ƙusar, wadda ba ta ba da wahala.

Wahalar tana ga manyan biyun. Ana kwantar da mazaunin a kan abu mai tauri wanda ba ya motsi, a bar sarari a ƙasa inda ƙusa za ta faɗa. Idan teburin yana da laushi ko yana rawa, shi zai shanye ƙarfin dukan. Sannan a ɗora gajeren sandan ƙarfe mai kauri a kan siririn kan ƙusar, a sauke masa guduma mai nauyi. Masu sabon hannu sukan ji tsoro su riƙa ƙwanƙwasawa a hankali, abin da ke jawo ɓarnar da aka fi yi: kan ƙusar ya baje kamar laima, ya fi ramin faɗi, ta ƙi fita gaba ɗaya, sai an kai ga huda ta da inji. Idan sandan ya zame kuma, ya bar tabo a jikin ƙarfe ko a yatsa. Tsohuwar bindiga da ta sha harbi takan buƙaci a jiƙa wurin da mai, ko a ɗan gasa shi, saboda baƙin hayaƙi da tsatsa sun like komai. Da zarar ƙusar ta motsa, sauran aikin ya zama wasa, sai a zare mazaunin ta gaba.

Mayar da tsohon mazauni a kan bututunsa ba shi da wuya, domin ramukan da kansu suke nuna wurin zama. A daidaita su, a zura ƙusa ta siririn kanta daga gefen da ta fito, a buga har ta zauna. Bayan haka dole a je fili a sake gwada saitin.

Ɗora sabon mazauni wanda ba a taɓa hudawa ba kuwa aikin gwani ne mai kayan aiki. Idan ya karkace kaɗan zuwa dama ko hagu, harsashi zai riƙa kauce wa inda aka nufa, har maharbi ya murɗa saitin baya zuwa ƙarshensa bai gyaru ba. Idan kuma hudar mazaunin ba ta hau kan ta bututu daidai ba, hayaƙi ba zai isa baya ba, bindigar ta yi harbi ɗaya ta tsaya. Ƙarfen da aka huda ba ya komawa, don haka kuskure ɗaya na iya cin bututun gaba ɗaya.

Me ke sa mutum ya jawo wa kansa wannan wahala?

Dalili na farko shi ne madubin saiti. Tun daga shekarun 1990 sojojin Amurka suka soma komawa ga madubai masu jawo nesa kusa da masu jan ɗigo, aka yi wa saman bindigar shimfiɗar da ake ɗora su. Farar hula suka bi sahu. Dogon ƙarfe mai kusurwa uku sai ya zama abin da ke shiga gaban madubi.

Na biyu shi ne sabon salon rufin hannu wanda ba ya taɓa bututu, domin matsin hannu ko na maɗauri kada ya karkatar da harbi. Sa irin wannan rufi yakan buƙaci a sauya babban notin da ke ɗaure bututu da jikin bindiga, shi kuwa notin ta gaba yake fita, mazaunin saiti ya tare masa hanya. Wasu sukan maye gurbin mazaunin da gajeren ƙarfe mai aikin hayaƙi kawai. Wasu kuma sukan yanke samansa da zarto, su goge, su mayar da gindin da ƙusoshinsa na asali, saboda sun fi amincewa da ƙusa a kan noti.

Dalili na uku shi ne doka.

Dokar 1994 da lissafin siffofi

A watan Janairun 1989 wani mutum ya buɗe wuta da bindiga samfurin AK a wata firamare da ke Stockton a Jihar Kalifoniya, ya kashe yara biyar. A wannan shekara jihar ta kafa dokar haramta wasu bindigogi ta hanyar jera sunayensu. Gwamnatin George Bush babba ita ma ta hana shigo da wasu samfura daga waje, inda hukumar kula da makamai ta ATF ta yi amfani da jerin siffofin soja wajen ware su daga bindigogin farauta da na wasanni. Wurin maƙala banati yana cikin wannan jeri.

Shekara biyar bayan haka, Sanata Dianne Feinstein ta Kalifoniya ta jagoranci yunƙurin mayar da wannan tunani dokar ƙasa baki ɗaya. A Majalisar Wakilai ƙudurin ya sha da ƙyar, da ƙuri'a 216 da 214. Aka cusa shi cikin babbar dokar yaƙi da laifuka, wadda Joe Biden, a matsayinsa na shugaban kwamitin shari'a na Majalisar Dattawa, ya yi wa jagora. Shugaba Bill Clinton ya sa hannu ranar 13 ga Satumba, 1994.

Dokar ta bi hanya biyu. Ta ambaci wasu bindigogi da suna, har da Colt AR-15. Sannan ta ce duk doguwar bindiga mai ɗana kanta, wadda ake iya cire mata gidan harsashi, ta zama makamin farmaki idan tana da biyu daga cikin siffofi biyar: ƙota mai naɗewa ko mai zugewa, mariƙi irin na ƙaramar bindiga da ya fito fili a ƙasa, wurin maƙala banati, ƙarfen rage walƙiyar harbi ko zaren da ake ɗaura shi, da kuma abin harba gurneti. Ta kuma hana ƙera sabon gidan harsashi mai cin fiye da goma domin farar hula.

Don a samu isassun ƙuri'u, an yi sassauci biyu masu nauyi. Duk bindiga ko gidan harsashin da aka ƙera kafin ranar sa hannu yana nan halal, ana iya riƙe shi, ana iya sayar da shi. Kuma dokar za ta mutu da kanta bayan shekara goma idan majalisa ba ta sabunta ta ba.

Amsar kamfanoni

Lissafin bai wahalar da masana'antu ba. An yarda bindiga ta riƙe siffa ɗaya, sai suka zaɓi mariƙi, suka zubar da sauran. Aka goge tudun banati daga mazaunin saiti, ko aka ƙera sabon mazauni ba shi. Aka bar bakin bututu babu zare. Ƙota mai zugewa aka maye ta da tsayayya, ko aka buga mata ƙusa ta daina motsi. Aka kuma sauya suna: Colt ya riƙa sayar da nasa da sunan Match Target. Bindigar da ta fito daga wannan aski tana cin harsashi iri ɗaya da ta da, tana harbi da sauri iri ɗaya, tana kuma karɓar tsofaffin gidajen harsashi masu cin talatin, waɗanda suka cika kasuwa.

Kasuwa ta rabu gida biyu, ta kafin doka da ta bayan doka, farashin tsofaffin ya tashi. Mai bindigar bayan doka da ya ɗora mata mazauni mai tudun banati ya ƙera haramtaccen makami ke nan a idon tarayya, ko da bai taɓa mallakar banati ba. Abin mamaki, a gajeren samfurin da farar hula suka fi saye, mai bututun inci 16, tazarar da ke tsakanin tudun da bakin bindiga ta yi tsawo, banatin soja ba ya zama daidai a kai. Rundunar sojan ƙasa ta Amurka ita kanta ta cire atisayen farmaki da banati daga horon sababbin kurata a 2010.

Sakamakon wannan giɓi ya fito fili tun dokar tana raye. Bindigar Bushmaster XM-15 da maharban ɓoye biyu suka kashe mutum goma da ita a yankin Washington a watan Oktoban 2002 tana cikin waɗanda aka yi wa irin wannan aski. Haka kuma wadda aka kashe yara 20 da manya shida da ita a firamaren Sandy Hook ranar 14 ga Disamba, 2012, an saye ta bisa ƙa'ida a Jihar Connecticut, wadda a lokacin take da tata dokar mai lissafin siffofi.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu adawa da dokar, ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar masu bindiga ta NRA, sun mayar da tudun banati abin ba'a. A cewarsu, doka ce da ta yi yaƙi da kamanni: babu wata annobar kisa da banati a titunan Amurka, kuma waɗanda suka rubuta ta sun tsorata ne da siffar bindigar ba tare da sanin aikinta ba. Suna ƙarawa da cewa alƙaluman hukumar FBI na nuna ƙananan bindigogin hannu ne ake yin mafi yawan kisa da su, dogayen bindigogi na kowane iri kaso ne ƙalilan.

Magoya bayanta na cewa ba a taɓa nufin banatin kansa ne haɗarin ba. Siffofin alama ce da ake gane bindigar da ta fito daga tsatson soja, domin a ware ta ba tare da an taɓa bindigar mafarauci ba. Haramta duk bindiga mai ɗana kanta zai shafi miliyoyin bindigogin farauta, kuma irin wannan ƙuduri ba zai tsallake majalisa ba. A ganinsu, kamfanoni ne suka yi wa manufar dokar zagon ƙasa, darasin kuwa shi ne a ƙara tsaurara ta.

Binciken da masani Christopher Koper ya jagoranta da kuɗin Ma'aikatar Shari'a ta Amurka, wanda ya fito a 2004, bai ba kowane ɓangare cikakkiyar nasara ba. Ya gano cewa tun kafin dokar, makaman da ta haramta kaso 2 zuwa 8 cikin ɗari ne na bindigogin da ake aikata laifi da su, kuma kasonsu ya ragu bayan an kafa ta. Amma ya ce tasirin hakan a kan yawan kashe-kashe ƙarami ne, mai yiwuwa ma ya yi ƙanƙantar da ba za a iya auna shi da tabbaci ba. Ya nuna cewa manyan gidajen harsashi sun fi siffofin waje muhimmanci, su kuwa tarin tsofaffin da aka bari a kasuwa ya hana a ga amfanin haramta su cikin shekara goma.

Ta fuskar siyasa kuwa, an biya farashi. A zaɓen Nuwamban 1994 jam'iyyar Democrat ta rasa rinjaye a majalisun biyu, har Kakakin Majalisar Wakilai Tom Foley ya faɗi a mazaɓarsa, kuma Clinton da kansa ya ɗora wani ɓangare na wannan kaye a kan rikicin bindiga. Ranar 13 ga Satumba, 2004, a zamanin George Bush ƙarami, dokar ta mutu ba tare da an sabunta ta ba. Tudun banati ya dawo kan sababbin bindigogi.

Inci 16 da ɗigon walda

Akwai wata tsohuwar doka da har yau take shafar wannan aiki. Dokar makamai ta ƙasa da aka kafa a 1934, zamanin 'yan dabar haramcin giya, ta sa takunkumi a kan gajerun bindigogi masu sauƙin ɓoyewa. A yadda take a yanzu, doguwar bindigar da bututunta bai kai inci 16 ba sai an yi mata rajista ta musamman da tarayya, wanda ya riƙe ta babu rajista yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara goma.

Bututun M4 ta soja inci 14.5 ne. Farar hula da ke son irin wannan tsawo sukan sa a ɗaura ƙarfen baki mai ɗan tsayi, a buga masa ƙusa, a rufe kanta da walda, domin hukumar ATF tana ƙirga abin da aka like dindindin cikin tsawon bututu. Amma da an yi haka, an toshe hanyar fitar mazaunin saiti. Ko an cire ƙusoshinsa biyu, ba zai wuce bakin ba. Mai bindigar da ya fasa waldar don ya zare shi, ya mayar da bututun ƙasa da inci 16 a wannan lokaci. Shi ya sa ake kai irin wannan aiki wajen maƙeran da suka san sharuɗɗan doka.

Jihohi sun ɗauki ragama

Tun daga 2004 majalisar tarayya ba ta sake kafa irin wannan doka ba. A watan Afrilun 2013, wata huɗu bayan Sandy Hook, sabon ƙudurin Feinstein ya faɗi a Majalisar Dattawa da ƙuri'a 40 da 60. A Yulin 2022 Majalisar Wakilai ta amince da wani da ƙuri'a 217 da 213, amma ya mutu a Majalisar Dattawa.

Fagen ya koma jihohi, inda kusan goma da babban birnin ƙasar suke da nasu haramcin. New York, a dokar da Gwamna Andrew Cuomo ya sa wa hannu a Janairun 2013, ta rage lissafin zuwa siffa ɗaya, kuma wurin maƙala banati yana ciki. Kalifoniya ita ma siffa ɗaya take ƙirgawa, amma ba ta sa banati a jerinta ba. Ke nan ɗan tudu ɗaya yana iya zama laifi a wata jiha, ya zama ba komai ba a wata. A Massachusetts, Antoni Janar ta lokacin, Maura Healey, ta sanar a 2016 cewa goge siffofi ba ya fitar da bindiga daga haramci muddin kayan cikinta kwafi ne na wadda aka haramta.

Kamfanoni sun ci gaba da bin kowace sabuwar doka da sabon tsari: ƙota mai siffar da ba ta da mariƙi, ko gidan harsashin da aka kulle a jikin bindiga. Wanda ya kashe baƙaƙen fata goma a wani kantin Buffalo a watan Mayun 2022 ya sayi bindigarsa a New York da irin wannan makulli, ya cire shi da kansa kafin harin.

Hanyoyi uku na rubuta haramci

Ƙasashen da suka fuskanci irin wannan tambaya sun bi ɗaya daga hanyoyi uku. Ta farko ita ce jera sunaye, kamar yadda Kanada ta yi a watan Mayun 2020, inda ta haramta samfura kusan 1,500 lokaci guda. Rauninta shi ne dole a yi ta ƙara jerin duk lokacin da sabon suna ya fito. Ta biyu ita ce lissafin siffofi irin na Amurka, wadda zarto da magagari suke iya kewayewa. Ta uku ita ce duban yadda bindiga take aiki. Ostareliya ta bi wannan hanya a 1996 bayan kisan mutum 35 a Port Arthur, New Zealand ta bi ta a 2019 bayan kisan masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch. Dukansu sun haramta wa jama'a mafi yawan dogayen bindigogi masu ɗana kansu, suka kuma sayi waɗanda ke hannun mutane da kuɗin gwamnati.

Hanya ta uku ta fi wuyar kewayewa, ita ce kuma ta fi tsada a siyasa da aljihu. A Amurka tana da ƙarin shinge: gyara na biyu na kundin tsarin mulki. A shari'ar Heller ta 2008 Kotun Ƙoli ta ce mallakar bindiga haƙƙin mutum ne shi kaɗai, ta kuma ba da kariya ga makaman da jama'a suka saba amfani da su ta halal. A shari'ar Bruen ta 2022 ta ce duk dokar bindiga sai ta dace da al'adar dokokin ƙasar a tarihi. Masu AR-15 na cewa bindigar da ke hannun mutum miliyan 16 ta cika sharaɗin sabo. Jihohin da suka haramta ta na cewa makamin yaƙi ce da aka sauya wa riga.

A watan Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren ƙarar da ke ƙalubalantar haramcin Jihar Maryland, abin da ya bar dokar a tsaye. Sai dai alƙalai uku sun nuna sun so a saurare ta, Mai Shari'a Brett Kavanaugh kuma ya rubuta cewa ya kamata kotun ta ɗauki batun AR-15 nan da zango ɗaya ko biyu.

Kafin wannan rana, kasuwa ta riga ta yi gaba. Yawancin sababbin AR-15 da ake tallatawa a yau suna zuwa da gajeren ƙarfen hayaƙi da ke ɓoye a ƙarƙashin dogon rufi, babu ƙarfe mai kusurwa uku, babu tudun banati. Abin da dokar tarayya ta yi shekara goma tana gogewa, masu saye da kansu suka daina nema, alhali yawan AR-15 da ke hannun jama'a ya ninka abin da yake a 1994 sau da yawa.